Dala ɗaya a kan tayin wani a The Price Is Right: dabara ce ko rashin kunya?

Maman Hanifa, Bronx

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san shirin The Price Is Right na tashar CBS ya ba ni shawara, domin tafiyata ta matso kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Shekarata huɗu ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Tsohuwar da nake wurinta yanzu ta haura tamanin da biyar, ƙafafu sun ƙi, amma kanta garau yake. Da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ta yi, ko magani ba ta karɓa sai na kunna mata talabijin. Tun 1972 take kallon shirin nan, shekarar da Bob Barker ya fara gabatar da shi, lokacin ma rabin awa ne, sai a 1975 aka mai da shi awa guda. A wurinta na koya. Da fari hayaniya kawai nake gani, mutane na tsalle suna ihu kamar an ce gobara ta tashi. Sannu a hankali na gane ashe ciniki ne, ni kuwa a cikin ciniki na tashi. Mahaifiyata atamfa take sayarwa a gida a Fagge, tun ina 'yar shekara tara take riƙe hannuna mu shiga Kantin Kwari, ina tsaye ina jin yadda take tayawa. Yanzu ta kai ni da tsohuwa kowa da 'yar takardarsa da biro, mu rubuta tayinmu kafin a buɗe farashi. Da ɗiyarta ta ga yadda nake cin uwar, ita ce ta nemo mini tikiti, kyauta ne, na watan Fabrairu, lokacin da zan je ganin ƙanwata a Los Angeles.

Ga wanda bai taɓa gani ba: ana kiran mutum huɗu daga cikin 'yan kallo su tsaya a layi, a fito da kaya, firji ne ko injin wanki ko kujeru, kowa ya taya sau ɗaya. Wanda tayinsa ya fi kusa da farashin gaskiya, ba tare da ya haura ba, shi ya ci kayan kuma shi zai hau dandamali ya buga wasa na gaba, inda ake cin mota da manyan kuɗi. In ka haura ko da dala ɗaya ce, ka faɗi. Ba kuma a maimaita tayin da wani ya riga ya yi.

To a nan matsalata take. Kwanakin baya an kawo wani saitin kayan ɗaki. Wani dattijo mai furfura, sanye da riga da aka buga hoton jikokinsa a gaba, ya tsaya ya yi tunani sosai, ya waiga ya dubi matarsa a cikin jama'a, sannan ya ce dala 1,100. Yarinyar da ke gefensa, wadda ba ta fi sa'ar jikarsa ba, ko kallon kayan ba ta yi ba ta ce 1,101. Farashin ya fito sama da haka, ta ci. Na ga yadda dattijon ya sauke kafaɗa, ya yi murmushin yaƙe yana tafa mata. Wallahi ranar abincin rana bai yi mini daɗi ba. Shi ya yi wahalar lissafi, ita ta zo ta ɗora dala ɗaya ta kwashe. Da tayin nan nata ta bar shi da lamba ɗaya tak a duniya, sai in farashin 1,100 ne cif. A gidanmu in baƙuwa tana taya zane, ko kina mutuwar son sa ba ki da bakin magana sai ta ajiye ta tashi. Mahaifiyata ta taɓa korar wata maƙwabciya daga ɗaki a kan haka.

Tsohuwa ta ce mini ai wasan ke nan, wanda ba zai iya ba ya zauna a gida. Na san ba ƙarya ta yi ba. Amma in Allah ya sa aka kira ni, na sami kaina a ƙarshen layi, in yi ko kada in yi? Akwai wata hanyar cin da ba sai na taka wani ba?

Tambaya ta biyu a kan mai gabatarwar da ya gaji Barker ce, Drew Carey. Barker ya yi shirinsa na ƙarshe ranar 15 ga Yunin 2007 bayan shekara 35, Drew ya fara fitowa 15 ga Oktoba na shekarar. Zuwa Disamban 2008 sama da shekara guda ke nan amma tsohuwa ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce yaron nan mai gilashi. Ni ina kare shi kullum, domin yana dariya da mutane daga zuciyarsa. Sai ga abin da ya faru ranar Talata, 16 ga Disamban 2008. Wani mutum mai suna Terry Kniess ya taya tulin kayan zagayen ƙarshe dala 23,743, aka buɗe, 23,743 ne, ko dala ɗaya babu bambanci. Na miƙe tsaye da cokali a hannu. Shi kuwa Drew ya faɗi abin da murya sanyi ƙalau, fuska ba annuri, kamar mai karanta takardar haya. Tsohuwa ta juyo ta dube ni ba ta ce komai ba. Na rasa bakin kare shi. Me ya same shi? Kuma irin wannan mutumin, in na tsaya gabansa da hijabina na rikice, zai tallafe ni ko zai bar ni in ji kunya a gaban duniya?

Malam Habu, Columbus

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Lissafi nake koyarwa, kuma wannan wasan na sha kawo shi misali a aji, saboda haka bari in ɗauki tambayar farko.

A ce ke ce ta huɗu. Na farko ya ce 600, na biyu 850, na uku 1,200. Lambobi huɗu kawai suka rage masu amfani a gare ki: 1, ko 601, ko 851, ko 1,201. Aikinki ɗaya ne, ki yanke a wane tsakani farashin yake. In kin ga duka sun haura, ki ce dala 1, duk abin da ke ƙasa da 600 ya zama naki. In kin ga farashin yana tsakanin 850 da 1,200, to 851. In kin ga duka sun yi ƙasa, 1,201, daga nan har sama babu mai tare ki.

Yanzu a ce zuciyarki ta ba ki kayan 1,000 ne, kunya ta sa kika ce 1,000 maimakon 851. Me kika yi? Kin ɗauki lambobi 149, daga 851 zuwa 999, kin miƙa wa mai 850 kyauta. In farashin ya fito 979, ke da kika fi kowa kusa kin faɗi, domin kin haura da 21, wanda ya yi nisa da 129 ya ci. Ba ki ƙara wa kanki komai ba, in ban da damar dala 500 da ake ba wanda ya faɗi farashi cif, wadda kuwa ba kasafai take faɗowa ba, kuma ba ta kai darajar hawa dandamali ba.

Akwai wasu masana tattalin arziki uku, Berk da Hughson da Vandezande, da suka zauna suka bi shirye-shiryen wasan nan, suka buga bincikensu a mujallar American Economic Review a 1996. A lissafinsu, in kowa ya yi wasa da cikakken hankali, na ƙarshe ya kamata ya ci aƙalla sau ɗaya cikin uku, sauran ukun kowa sau biyu cikin tara. Abin da suka tarar shi ne da yawan masu tayin ƙarshe ba sa amfani da damar da ke hannunsu. Ba ke kaɗai abin yake yi wa nauyi ba ke nan, su ma Amurkawan suna jin sa.

Amma ki lura da wani abu da bai zo a tambayarki ba. Ba lallai ki zama ta ƙarshe ba. In kina cikin huɗun farko da aka kira, bin layi ake yi daga wannan gefe zuwa wancan. In kuwa daga baya aka kira ki, don cike gurbin wanda ya hau dandamali, ke za ki fara tayi, sauran su biyo baya. Wato ke ce za a ɗora wa dala ɗayan. Matsayin na juyawa, wanda aka taka a wannan zagayen yana iya zama na ƙarshe a zagaye na gaba. Dattijon da kika gani, in dai ba zagaye na shida ba ne, wanda daga shi an gama tayin layi, yana nan a layi da sauran damarsa.

In ke ce ta farko ko ta biyu, kada ki kuskura ki ce dala 1. Na ga masu yin haka, na bayansu ya ce dala 2, shi ke nan an rufe su. Ki faɗi abin da kike gani gaskiya ne, ki ɗan rage kaɗan. In ke ce ta uku, ki tuna mutum ɗaya ne ya rage a bayanki kuma wuri ɗaya kawai zai iya zaɓa, saboda haka ki tsaya inda in ya dubi filin zai ga wani gefen ya fi naki faɗi.

Wani abin kuma, farashin da suke amfani da shi na kamfanin da ya ƙera kayan ne, wanda ya rubuta a takarda, ba na ranar rangwame a Walmart ba. Mu da muka saba jiran a karya farashi kafin mu saya, tayinmu yakan yi ƙasa. Wannan bai kai haurawa muni ba, amma ki riƙa ƙara wani abu a kan abin da idonki ya saba gani.

In Allah ya kai ki ga ƙaton wilin nan da ake juyawa, gida 20 gare shi, daga santi 5 zuwa dala ɗaya, wanda jimillar juyinsa ta fi kusa da dala ɗaya ba tare da ta haura ba shi ke wucewa zagayen ƙarshe. In ke kika fara, kika sami 65 ko ƙasa da haka, ki sake juyawa. In 70 ne ko sama, ki tsaya. Na san a 65 gidaje bakwai ne kawai cikin ashirin ba za su ƙona ki ba, shi ya sa mutane suke tsorata su tsaya, amma akwai mutum biyu a bayanki kowa da juyi biyu, 65 ba ta cika tsira a hannunsu ba.

Ni dai a ganina babu zalunci a ciki. Doka ce da aka shimfiɗa wa kowa tun kafin a shiga ɗakin.

Alhaji na 116, Harlem

Ɗiyata, sannu da aiki, Allah ya ba da ladan kula da tsohuwa. Malam Habu ya yi bayani na masu ilimi, ban da abin da zan ƙara a lissafi. Ni ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, ina kan titin 125 da tebur tun kafin Giuliani, magajin garin New York na lokacin, ya tashe mu a 1994 aka maido mu kasuwar titin 116. Akwai 'yar talabijin a rumfata, safiya ba ciniki sosai, to ni ma na daɗe ina kallon wannan abu.

Abin da mahaifiyarki ta yi wa maƙwabciya daidai ne, kuma yana da asali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Amma yadda malamanmu suka karantar da mu, wannan a inda mai kaya da mai saye suka fuskanci juna ne, magana ta kusa faɗawa, sai wani ya shigo ya ɓata. Gwanjo daban ne. A gwanjo mai kaya da kansa ya ce wa zai ƙara, kowa ya ƙara, ba wanda ya shiga haƙƙin wani. Abin da suke yi a talabijin ma bai kai gwanjo ba, don ba mai fitar da ko sisi daga aljihunsa, ba saye ba sayarwa. Cankar farashi ce. Dattijon nan bai mallaki komai ba lokacin da ya ce 1,100, balle a ce an ƙwace masa. Wannan fahimtata ce ta ɗan kasuwa, ki ƙara tambayar limaminku a nan Bronx, har da batun ko akwai ƙamshin caca a ciki, duk da ni ban ga inda aka zuba kuɗi ba.

Sai dai halal daban, abin da zuciya ke iya ɗauka daban. Shekarun baya wani yaro da muke maƙwabtaka da rumfa, ni na karɓe shi ranar da ya sauka garin nan, a ɗakina ya kwana wata biyu. Wata rana baƙuwa na tsaye gabana da hula a hannu, na ce goma, sai na ji daga gefe an ce tara. Dala ɗaya. Ba ta talauta ni ba, na yafe masa tuni, muna gaisawa har yau. Amma ga shi ina ba ki labarin bayan shekara goma sha. Saboda haka na san abin da kika gani a kafaɗar dattijon nan, ba idonki ne ya yi miki gizo ba.

Da ni ne a layin, zan ɗora wa saurayi dala ɗaya ban ji komai ba. Wanda ya girme ni, ban sani ba ko bakina zai buɗe. Ke kika san nauyin da ke kanki da abin da mota za ta yi miki.

Batun sabon yaron kuwa, ina bayan tsohuwa. Barker dillali ne na gaske. Ya san kayansa, ya san dokar kowane wasa kamar tafin hannunsa, ya san lokacin da zai ja rai kafin ya buɗe farashi har sai ka ji cikinka ya ɗuri ruwa. Yana da shekara 83 ya bar aikin amma tsaye yake kyam, da siririn makirufonsa, in tsohuwa ta rikice ya kama hannunta ya bi da ita a hankali. In an yi wa wani irin wannan ƙarin dala ɗayan, yakan juya ya ɗan yi wa wanda aka taka magana mai sanyaya rai. Shi wannan ɗan wasan barkwanci ne, sauri gare shi, yana buɗe farashi kamar mai son ya sallami jama'a ya tafi gida. Na Talata kuwa na gani. Ko a kasuwa, in yaronka ya yi cinikin da ba a taɓa yi ba, ai ka dafa kafaɗarsa.

'Yar Inglewood

Anti Maman Hanifa, ni na je! Watan Mayun 2008, ni da abokan aikina su biyar daga asibiti. Ba a kira ni ba, amma an kira ɗaya daga cikinmu, don haka bari in gaya miki abin da ba a gani a talabijin.

A 2008 wurin yana CBS Television City, mahaɗar titin Beverly da Fairfax, kusa da Farmers Market. Ɗakin shi ne Studio 33, wanda aka sa wa sunan Bob Barker. Zai ba ki mamaki don ƙanƙanta, wajen mutum ɗari uku yake ɗauka, dandamalin kuma bai kai rabin yadda kike zato ba. Ki shirya zaman layi na awoyi, ki tafi da katin shaidarki da rigar sanyi, don safiyar Fabrairu a nan ma akwai sanyi. Za a rubuta sunanki na takarda a wani kati ruwan ɗorawa a manna miki a ƙirji.

Abu mafi muhimmanci: ba ƙuri'a ake yi ba. Kafin a shiga, ana jera ku rukuni-rukuni a gaban wani ma'aikacin shirin, ya tambayi kowa sunansa, daga ina, me yake yi. 'Yan daƙiƙu ne kawai. A nan ake zaɓen mutum taran da za a kira. In kika sunkuyar da kai irin kunyarmu ta gida, an wuce ki. Ba sai kin yi tsalle ko rawa ba. Ki dube shi ido cikin ido, ki gaya masa kina kula da wata tsohuwa da take kallon shirin tun 1972 kuma kullum kina cin ta. Wallahi Anti wannan labarin naki ya fi na duk wanda na ji a layinmu.

In an fara, ba za ki ji sunanki ba saboda ihu, duk da muryar mai kiran suna (Rich Fields ne a 2008). Ki sa ido a gefen dandamali, akwai mai ɗaga kwali da sunan a rubuce.

Ƙawata da aka kira ta shiga layin a zagaye na uku. Sau ɗaya tayin ƙarshe ya faɗo a kanta. Mun yi ta yi mata ihu ta ƙara ɗaya a kan na sama, ta dubi matar, ta kasa, ta ƙara ɗari biyu. Farashin ya faɗo a tsakaninsu, matar ta hau. Sauran zagayen kuma ita aka yi ta rufewa, har aka tashi tana tsaye a wurin. A mota tana kuka take cewa da ta sani. Mutum tara ake kira, shida ke hawa, uku su koma da 'yar kyautar rarrashi. Kuma da an kira ki layin nan, ko ba ki ci komai ba, sai bayan shekara goma za ki sake samun damar shiga. A da ma sau ɗaya ne a rayuwa, a 2007 aka sassauta. Ki sa wannan a ma'auni tare da maganar Baba Alhaji.

Baba Alhaji, ka yi haƙuri, a kan Drew ban bi ka ba. Lokacin da ake tallace-tallace, kyamara a kashe, ba ya komawa ciki. Yana zuwa bakin dandamali ya yi ta hira da mutane, ya tambayi wannan aikinsa, ya tsokani wancan. Ya ga wani da hular sojan ruwa, ya tsaya suka daɗe suna magana, don shi ma ya yi aikin Marine kafin ya shiga barkwanci. Mutumin Cleveland ne da ya taso a wahala, kuma ana ganin hakan a yadda yake murna in talaka ya ci mota. Gaskiya ne bai kai Barker iya jan rai ba, amma ana gwada wanda a 2008 shekararsa ɗaya a aikin da mai shekara 35. Bai kuma yar da al'adar gidan ba, har yau yana rufe shiri da roƙon nan na Barker cewa a kai karnuka da kyanwoyi a yi musu aikin hana haihuwa.

Hijabi ba matsala ba ne. In kin hau, ki dafa ƙirji da hannu tun daga nesa kina murmushi, zai gane ba runguma. Sannan ki sani duk abin da aka ci akwai haraji a kansa, na tarayya da na California, kuma ba a ranar ake ba da kayan ba sai bayan an nuna shirin. In mota ce, ki tanadi abin biya.

Malam Habu, Columbus

Na manta tambaya ta biyu. Zatona, kuma zato ne, Drew ya ɗauka an yi maguɗi. A shekarun 1950 an kama shirye-shiryen kacici-kacici irin su Twenty-One suna ba 'yan takara amsa a ɓoye, abin ya kai har gaban majalisa, a 1960 aka yi dokar da ta mai da hakan laifi a tarayya. Mutum ya faɗi lamba biyar cif a gabanka, kai sabo a aiki, kuma a 2008 aka sallami Roger Dobkowitz, furodusan da ya fi shekara talatin a gidan. Dole gabanka ya faɗi. Amma ba sai an yi maguɗi ba. Har zuwa 2008 shirin yana maimaita kaya iri ɗaya da farashi iri ɗaya, mai kallo kullum da takarda da biro zai iya haddace su. Abin da ke da tsohuwa kuke yi ke nan, Maman Hanifa. Kada ki zubar da takardun nan.

Maman Hanifa, Bronx

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, labarin hular nan ya taɓa ni, na karanta shi sau biyu a jirgin ƙasa. Zan tambayi liman ranar Juma'a in sha Allah.

Yau da safe na fassara wa tsohuwa duk abin da kuka rubuta, ina shafa mata mai a ƙafa. Da na zo kan maganar dillali ta yi dariya har da tari, ta ce a gaya wa Alhaji ya san abin da yake faɗa. Sai kuma ta yi shiru, ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya mini ba. Kafin Barker akwai wani, Bill Cullen, shi ya yi shirin daga 1956 zuwa 1965, tana amarya take kallo tare da mahaifiyarta. Da aka dawo da shirin a 1972, uwar ta kalli Barker na mako guda ta ce a kashe, wannan ba Bill ba ne, kuma har ta rasu ba ta sake kallo ba. Ta faɗi haka tana kallon taga. Da sha ɗaya ta yi na kunna, yau dai ba ta ce yaron nan mai gilashi ba, ba ta kuma kira sunansa ba.

Na yanke shawara zan yi, in dama ta zo. Shekara goma ba wasa ba ce, kuma ina tashi ƙarfe biyar in hau bas biyu da jirgi kafin in iso aiki, ga Hanifa da ƙaninta. Amma ba zan yi kamar yarinyar nan ba, da ko kallonsa ba ta yi ba. Zan juya in dubi mutumin in ce ya yi haƙuri kafin in faɗi lambar. In kuma dattijo ne irin wancan, har yanzu ban sani ba, Alhaji. Sai na tsaya a wurin.

Malam Habu, na tattaro takardun, sun kai na wata bakwai, cikin gwangwanin biskit tsohuwa take ajiye su ashe. Na fara jera su, injin wanki wuri ɗaya, kujeru wuri ɗaya, kuma tuni na ga wani agogon bango da ya fito sau uku da farashi ɗaya. 'Yar Inglewood, ƙanwata a Hawthorne take, ba ta da mota. Ƙarfe nawa ya kamata mu bar gida, kuma wace bas ce take kaiwa Fairfax?